Ragon da Zalika Ta Kai Tanda

A Gaya, in aka ce Zalika mai tuwon bakin ruwa, ba a sake tambayar wacce. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, muryarta na tsallake rumfa uku ba tare da ta ɗaga ta ba. Iyayenta fatake ne da suka zo da goro suka ga wuri suka zauna, ita kuwa a kasuwa ta buɗe ido. Tana da kirki, amma ba ta son a ce tana da shi. Za ta cika wa mai yunwa akushi tana yi masa faɗa don ya zo a makare. Abu ɗaya ne Allah bai ba ta ba, shi ne mantuwa. Wanda ya taka ta ranar Talata, ko bayan shekara ya dawo, za ta gaya masa Talata ce, ta kuma faɗa masa rigar da ke jikinsa a ranar.

Mijinta Yacuba mutumin Dandi ne daga Tanda, ƙauyen manoma da masunta da ke sama da Gaya in an bi kogi. Zamanin Faransa ne, babu gada tukuna, sai bak, babban jirgin ƙarfen nan da ke ƙetarar da kamyo, manyan motocin kaya, da mutane zuwa Malanville. Aikin bak ɗin ne ya raba Yacuba da gona, tuwon Zalika kuma ya hana shi komawa. Suka yi aure, suka haifi Sumana, suka haifi Bibata. Tana da ciki na uku zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, a na shida aka kai shi makwancinsa. Da yaron ya zo aka raɗa masa suna kamar kowa, amma Ɗan'auta ake kiransa, don an san babu wani a bayansa.

Duk tsiwar Zalika, 'yar gidan kunya ce. Ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Ɗan farinta ma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce “kai wanga”. Saboda haka da Yacuba ya rasu, sunansa ya fita daga gidan gaba ɗaya. In ba wani ne ya faɗe shi ba, ba za ta ji shi ba, kuma tana son jin sa fiye da yadda za ta yarda ta faɗa.

Akwai wuri ɗaya da ake faɗinsa da ƙarfi a gaban jama'a. Kowace Babbar Sallah sukan tafi Tanda, gidan Alfari, wan Yacuba, wanda shi ne babba a zuriyar. A can, ranar Sallah in an yanka raguna aka feɗe, sai a buɗe kowanne a soke shi da sanduna biyu a gicciye, a kafa su kewaye da wuta babba, su wuni suna gasuwa. Ranar nan ba mai taɓa naman. Hanta da kayan ciki kawai ake ɗanɗana, sauran kuwa kowa ya ƙoshi da ƙamshi. Sai washegari da hantsi a sauke, a kasa uku: na gida, na dangi, na sadaka. Alfari ya tsaya a kan kason dangi yana kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowane gida da sunan mai shi. In ya ce “gidan Yacuba”, cinya guda ake miƙowa. Wanda aka kira na gida ne, wanda ba a kira ba kuwa kowa ya gane abin da ake nufi.

Bayan Zalika ta fita takaba, Alfari ya aiko a kai masa Sumana ya tashi a gonar kakanninsa. Yaron shekararsa biyar. Zalika ta ce a gaida Yaya, a gaya masa yaron ko wankan kansa bai iya ba, kuma in ya yi wayo lakwal, makarantar boko, za ta sa shi. Alfari bai mayar da amsa ba. Ita ta ɗauka maganar ta wuce, don a kasuwa ta saba in mutum ya ji haushi ya faɗa a wurin a gama.

Da Sallah ta zo ta shirya yara uku, ɗaya a baya biyu a hannu, suka shiga kwalekwalen Alassan, wani masunci da ke jigila tsakanin Gaya da ƙauyukan sama. Tun daga bakin ruwa har suka isa tana koya wa Sumana yadda zai yi, don bana shi zai karɓa a madadin ubansa.

“In ka ji an kira gidanku, ka tahi a hankali, ka durƙusa, ka sa hannu biyu. Kak ka yi gudu, kak ka yi dariya. Ka ce na gode.”

Yaron ya yi ta gwadawa a cikin jirgi har Alassan ya ce ya zauna kada ya kifar da su.

Washegarin Sallah aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Alfari. Shi dogo ne, siriri, ba ya magana da yawa, in zai yi kuma sai ya sa an jira shi. Ya fara kiran gidaje da Dandanci. Zalika ta gyara wa Sumana hula ta ɗan tura shi gaba. Aka kira gidan wane, aka kira gidan wane, har da na wani ɗan ƙanen kakansu da ya shekara goma a Dahome ba a ji ɗuriyarsa ba. Kason dangi ya ƙare. Alfari ya goge wuƙa, ya taka zuwa kason sadaka, inda makafi biyu da wasu tsofaffin da ba su da kowa ke zaune suna jira. Ya ɗauko wuya da 'yan haƙarƙari, ya juyo. A nan sai ya bar Dandanci ya koma Hausarsa ta kasuwa, don kada wata kalma ta kuɓuce mata.

“Baƙuwa ta Gaya. Ga na marayu.”

Kafin Zalika ta motsa, Sumana ya tafi a hankali, ya durƙusa, ya sa hannu biyu, ya ce na gode. Bai kuskure ko ɗaya ba cikin abin da aka koya masa. Ya dawo yana kallon fuskarta don ta yaba masa.

Wannan ne abin da ba ta yafe ba. Da ita kaɗai aka yi wa, da ta zazzage masa abin da ke bakinta ta huce. Amma ɗanta aka durƙusar a layin mabarata a gidan ubansa, kuma ita ta koya masa durƙuson. Gwaggo Kadi, ƙanwar uban su Yacuba, wadda a ɗakinta suke sauka, ta riƙe mata gefen zane tana cewa ta yi haƙuri, ranar Sallah ce. Zalika ta zare zanenta ta tattara yaranta. Kafin azahar sun shiga jirgi. Naman ta ba Alassan, yara suna kuka suna miƙa hannu, ta ƙi ko kallon su. Sai da Tanda ta ɓace ta buɗe baki.

“Alassan, kai ne shaida. Sai na yi layya a garin ga da ragon da ba su taɓa ganin irinai ba. In kasa shi uku, in kira kowane gida, shi kuwa in aika mai da na sadaka.”

Alassan ya ce Allah ya sanyaya. Ta ce kada ya sanyaya tukuna.

Cikin watan nan ta sayi ɗan tunkiya fari mai dogayen ƙafafu a wurin wani Bafillace. Sallah biyu suka wuce ba ta leƙa Tanda ba. A tsakanin nan aka fara aikin gada, garin ya cika da ma'aikata daga ko'ina, kowa da cikinsa. Zalika ta ƙara tukwane, tana ciyar da mutum sama da ɗari a wuni. Duk dusar da ta fito, duk ƙanzon da aka kankare, duk ruwan tsamin da ya rage, ragon ne ke da shi, ban da harawa da kanwa da ƙuliƙuli. Ɗaki ta ware masa. Duk Juma'a a yi masa wanka da sabulu, abin da yaran kansu ba kullum suke samu ba. Bibata ce ta sa masa suna Kwamandan, kamar baturen mulki, wai don ci kawai yake yi a inuwa, wasu na masa aiki.

Ba ta taɓa barin sa ya fita ba. Na farko tana tsoron bakin mutane, na biyu ta ce tafiya na cinye kitse. Maƙwabta suka ce ta riƙa barin sa yana miƙe ƙafa ko a tsakar gida ne, ta ce wanda ya ƙosa ya kiwata nasa. Shekara uku Kwamandan bai san tudu ba, bai san gangara ba, bai taɓa taka ƙasar da ta jiƙe ba. Kullum da safe ta leƙa shi ta shafa bayansa, kuma ba ƙauna ce ke sa ta ba. Fuskar Alfari take gani a ranta, yana miƙo hannu biyu.

A shekara ta uku Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Ranar jajibere da sassafe ƙarti huɗu suka ɗora ragon a jirgi, jirgin ya nutse har kusan baki. Alassan ya daɗe yana kallon sa.

“Zalika, wanga rago ne ko maraƙi?”

“Tuƙa dai. In mun isa ka tambayi mutanen Tanda.”

Tafiya da yara ƙanana a kwalekwale, wanda bai yi ba ya gode wa Allah. Bibata, 'yar shekara shida, ta sha lalle hannu da ƙafa, ta ƙi taɓa komai, ta ɗaga hannuwa sama tun daga Gaya har ta gaji ta fara kuka a sauke mata su. Ɗan'auta ya ce fitsari, aka ɗaga shi a gefe, ya ce ya fasa. Aka zaunar da shi, ya yi a zanen uwarsa. Ya ga ana ta wuce ruwa ba a taɓa ba, ya cire takalminsa sabo ɗaya ya jefa don ya ga ko zai bi su. Bai bi su ba. Aka yi yayyafi, Zalika ta cire mayafinta ta lulluɓe ragon, yaran kuwa ta ce su matso kusa da juna. Alassan ya kawar da kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

Sumana ne kawai bai ba da wahala ba. Ya kai shekara takwas, yana lakwal, ya fara kama da ubansa a goshi da tafiya har wani lokaci Zalika kan kawar da ido. Yana riƙe da igiyar ragon yana tambayar Alassan ko Harouna yana nan. Harouna ɗan Alfari ne, sa'ansa, shi ya koya masa ɗaura ƙugiya wancan zuwan. Yaron bai manta Tanda ba. A wurinsa gari ne mai 'yan'uwa da yawa da kifi, inda wani dogon baba ya taɓa ba shi nama ya karɓa da kyau.

Sun isa mashigar Tanda bayan azahar. Gaɓar ta yi santsi da ruwan jiya. Aka ja jirgi, aka ce a sauke rago. Kwamandan ya leƙa ya ga duniya a karon farko, ya tsorata, ya yi tsalle da duk nauyinsa. Ƙafar gaba ta dama ta shige taɓo, jikin ya wuce. Kowa ya ji ƙarar. Ya yunƙura sau biyu, ya kwanta yana nishi, ƙafar na lilo.

Masunta shida suka sa shi a taru, suka zura gora, suka ɗauka a kafaɗa. Haka ya shiga Tanda a sama, ana ɗauke da shi yadda ake ɗaukar kwamandan na gaske in ya fito rangadi, yara na biye. Garin ya fito kallo. Tsofaffi suka ce tun da suke ba su ga rago haka ba. Zalika na tafe a baya, zane jiƙe, ɗa a kafaɗa da takalmi ɗaya, kanta a sama.

A ƙofar Gwaggo Kadi aka sauke shi. Can sai ga Alfari. Zalika ta ɗan rusuna ta ce, “Yaya, mun same ku lahiya?” Ya amsa a taƙaice. Ya zaga ragon sau ɗaya, ta ga maƙogwaronsa ya motsa, ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafar. Ya tsuguna ya taɓa, ya miƙe a hankali, ya ce a kira liman.

Liman tsoho ne mai taushin magana, ba ya cikin rigimar kowa. Ya sa a tayar da ragon, ragon ya kasa tsayuwa. Ya girgiza kai.

“Ɗiyata, ki yi haƙuri. Dabbar da gurguntarta ta bayyana haka ba ta isar wa layya. Ba ni na ce ba, haka yake a littahi. Allah ya san niyyarki.”

Alfari ya kakkaɓe hannu. “Nama ne kurum,” ya ce, “irin na mahauta.” Ya juya ya tafi, kuma daga bayansa ma ana gane murmushi yake.

Da yammar nan Zalika ta zauna a ƙofar ɗaki tana lissafi. In ba layya ba ce, babu kaso uku, babu na sadaka, babu abin da za ta aika masa. Shekara uku ta tafi a kan taɓo, kuma ta san ita ta ja, ita ta hana dabbar koyon tafiya. Haushin kanta ya kusa fin na Alfari. Gwaggo Kadi na gefe tana tsince shinkafa tana surutu don ta ɗebe mata kewa, tana cewa ita dai tausayin yaran gari take ji, gobe za su wuni suna zagaya wuta suna haɗiyar miyau a kan 'yar hanta, kamar kowace shekara. Zalika ta ɗago kai ta dube ta, ta daɗe tana duban ta.

Da safe, ana saukowa daga idi, ta tare liman a hanya ta durƙusa.

“Malam, tambaya gare ni. Tunda ragona ba layya ba ne, dole in kasa shi uku?”

“A'a.”

“Dole in jira gobe kahin a ci?”

“Jiran gobe al'adar gari ce ga naman layya. Naki nama ne, ɗiyata. Ki yi yadda kika so da shi.”

Ta ce ta gode, kuma wannan godiyar har zuciya ta yi ta.

Alassan ya yanka, masuntan jiya suka feɗe. Kitsen da ya fito kaɗai ya cika ƙwarya biyu. Zalika ta aro duk wata tukunya da kasko da ke unguwar, ta kafa murhu bakwai a tsakar gidan Gwaggo Kadi, ta ɗaure ɗamara. Matar da ke ciyar da ma'aikatan gada ba a koya mata dafa wa taro. Ta kwance ƙullin yaji da albasa da ta zo da su, ta soya wani, ta yi romo da wani, ta gasa wani a kan gawayi. Kafin rana ta take tsaka ƙamshin ya rufe Tanda, kuma wannan ƙamshin ba na jiran gobe ba ne.

Yara suka fara zuwa. Mata suka biyo, kowace wai ta zo ɗiban wuta. Maza suka biyo, kowane wai ya zo kiran 'ya'yansa. Babu wanda ya koma. Duk wanda ya miƙo ƙwarya sai Zalika ta tambaye shi gidan wa, ta maimaita sunan da ƙarfi, sannan ta zuba. Makafin nan biyu ma sai da ta tambayi sunan iyayensu ta kira su da shi, ta zaunar da su a tabarma. Sharaɗi ɗaya ta kafa: a ci a nan, ko ƙashi ba ya fita ƙofa.

Da azahar sai ga matan Alfari biyu sun leƙo ta kan darni, da Harouna da ƙannensa a gaba. Zalika ta zaɓo musu tsoka mafi taushi, ta cika musu akushi har yana zuba.

“Ku ci ku ƙoshi,” ta ce. “Kak ku kai ma kowa.”

Suka ci. Samarin da ke juya wa Alfari ragunansa biyu su ma suka sulale ɗaya-ɗaya. Wanda ya wuce ta ƙofarsa ya dawo ya ba da labari cewa dattijon na zaune shi kaɗai a gaban wuta, yana tashi da kansa yana jan sanduna, hayaƙi na sa shi hawaye, kuma gefen rago ɗaya ya ƙone. A duk Tanda shi kaɗai ne bai ɗanɗana ba. Zalika ta sa mutumin ya maimaita labarin, ta ƙara masa nama.

Maganar ta zaga gari kafin la'asar: matar da Alfari ya ba sadaka ita ta ciyar da iyalinsa ranar Sallah. Dattawa uku suka shiga wurinsa suka daɗe. Kafin magariba Gwaggo Kadi ta dawo fuskarta cike da fara'a, ta kama hannun Zalika.

“An gama. Gobe zai kira. Gidanku ma zai fara kira, gaban kowa. Kin samu abin da kika zo nema, ɗiyata.”

Zalika ta ce to. Ta duba cikin ranta ko za ta ji sanyin da ta shekara uku tana jira, ba ta same shi ba. Ta ɗanɗani kunyar Alfari yau, ta ji ta fi naman daɗi, kuma ba ta ƙoshi ba. Zai kira ne don dattawa sun matsa masa, ya miƙo cinya, kowa ya ce Alfari ya yi dattako, maganar ta mutu. Ɗanta ya sake durƙusa masa. Tana cikin wannan tunanin Sumana ya shigo, ƙafa duk laka, ya wuni a bakin ruwa da Harouna, bakinsa cike da Dandancin da ya tsinto.

“Inna, Harouna ya ce gobe ni za a kira. Ya ce babanmu da babansu ɗaki guda suka tashi. Ni zan karɓa ko?”

“Tahi ka wanke ƙahwarka,” ta ce.

Washegari tsakar gidan Alfari ta cika fiye da kowace shekara, har da waɗanda ba su da kaso. Zalika ta zo da yaran cikin kayan Sallah, ta tsaya inda ta tsaya wancan karon, Sumana a gabanta. Alfari ya fito. Kwana ɗaya ya ƙara masa tsufa. Ya sunkuya ya ɗauko cinya mafi girma, ta ragon da bai ƙone ba, ya riƙe da hannu biyu. Bai sa an jira shi ba.

“Gidan Yacuba.”

Sunan ya shige ta kamar ruwan zafi. Shekara huɗu ba ta ji an faɗe shi haka a fili ba. Idonta ya cika, kuma da za a faɗi gaskiya, saura kaɗan ta saki. Sumana ya ɗaga ƙafa. Ta dafa kafaɗarsa ta danne.

Alfari ya jira. Ya sake kira, wannan karon da ɗan ƙarfi. Yaron ya waiwayo ya dubi uwarsa, ya yi ƙoƙarin zamewa, ta nutsa farcenta. Gwaggo Kadi ta ce “Zalika” a hankali. Cinyar na da nauyi, hannun dattijon ya fara rawa. Sai ya dubi yaron kai tsaye, ya kira a karo na uku, muryarsa ta sauka.

“Sumana ɗan Yacuba. Zo, ɗana.”

Zalika ta gyara goyon Ɗan'auta, ta dubi Alfari ido cikin ido.

“Mun ƙoshi jiya, Yaya.”

Ta juya yaran ta fita da su. Da ta kai ƙofa ta waiwaya sau ɗaya. Yana nan tsaye da cinya a hannu, babu mai karɓa, ya rasa kason da zai mayar da ita, kuma duk garin na kallon ƙasa. Wannan kallon ta ɗauka ta tafi da shi Gaya, kuma ya ishe ta har ƙarshen ranta.

A jirgi ta yi ta hira, ta ba Alassan labarin da shi ma yana wurin aka yi. Ruwa na gangara, tafiyar ta yi sauri. Bibata da Ɗan'auta suka yi barci. Sumana ya zauna a can gaba ya ba ta baya, bai yi kuka ba. A kafaɗar sabuwar rigarsa akwai ɗigon jini huɗu. Ta gani, ta ce a ranta zai wanku.

Ba su sake zuwa Tanda ba, Alfari kuma bai sake aikowa ba. Da ya rasu bayan 'yan shekaru, a bakin Alassan suka ji, an riga an yi sadakar bakwai. Gwaggo Kadi ma haka. Zalika ta ci gaba da tuwonta, aka gama gada, bak ya daina aiki, Faransawa suka tafi, ta koma tasha ta kafa rumfa. Ta aurar da Bibata, ta ga jikoki, ta tsufa da haƙoranta da muryarta. Ba wanda ya taɓa jin ta ce ta yi nadama, kuma mai son ya ji sai dai ya ƙaga.

Kowace Babbar Sallah, in an kafa rago a gaban wuta, takan tara jikoki ta ba su labarin Kwamandan. Ta kwaikwayi tsallensa, ta kwaikwayi muryar liman, ta kwaikwayi rawar hannun Alfari, yara su yi ta birgima don dariya. Sumana ya zama mai tuƙa kamyo, ya yi furfura, yana ji da uwarsa yadda ya kamata. Amma in ta kawo wajen kira na biyu, sai ya tashi ya ce bari ya duba wuta.

Wata shekara ƙaramar 'yarsa Halima ta bi shi. Ta tambaye shi ko Tanda na da nisa. Ya ce a'a, rabin wuni ne a jirgi, a mota ma bai kai ba. Ta ce to me ya sa su ba sa zuwa Sallah can, ga shi kowa a ajinsu yana da ƙauyen da yake zuwa. Sumana ya kama sandar ya juya ragon, ya daɗe yana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

“Ba mu san kowa can ba,” ya ce.